Wasiƙar da Baba Ya Gyara

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan motar manya, kuma ba a taɓa sallamarsa ba ko sau ɗaya. In an tambaye shi sirrin, ba ya cewa iya tuƙi ne. Cewa yake bai taɓa musu da maigida ba. An sha ɗora masa laifin da ba nasa ba, kamar ranar da ɗan maigida ya goge ƙofar mota da ginshiƙi aka ce shi ne. Hula ya cire, ya sunkuyar da kai, ya ce a yi haƙuri. Kwana biyu aka manta. Da wannan halin ya raini 'ya'ya biyar, har ya kai ta ƙarshensu, wadda kowa ke kira Auta, ajin ƙarshe a kwalejin koyon aikin gwaje-gwajen asibiti.

Saura wata biyu ta gama aka kore ta.

Ga yadda abin ya faru. Rahoton aikin gwajin da Auta ta miƙa ya zo iri ɗaya da na wata ƙawarta, har da kuskuren lissafi guda a shafi na tara. Ƙawar ta riga ta miƙawa da kwana biyu. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, ya kira su ɗaya bayan ɗaya. Auta ta ce aikin nata ne, littafin da take rubuta sakamakon gwajinta kullum ne ta ara wa ƙawar. Ƙawar ta ce ita ba ta san wani littafi ba. Kwamiti ya duba ranakun miƙawa, ya yanke cewa ta baya ita ta kwafa. Takardar kora ta ce Auta na da kwana goma sha huɗu ta ɗaukaka ƙara, kuma sau ɗaya tak ake yi.

A kwana na shida littafin ya fito. Matar da ke share ɗakin kwanan ɗalibai ce ta tsince shi a kwandon shara, bangonsa ya jiƙe, ta ga suna ta kawo. Kowane shafi da kwanan wata da sa hannun mai kula da ɗakin gwaji, tun watanni huɗu baya. Kuskuren lissafin nan ma yana ciki, da rubutun Auta.

Kwana huɗu Auta ta yi tana rubuta takardar ɗaukaka ƙarar a teburin falo. Da ta gama, ta zaunar da iyayenta da yamma ta karanta musu, shafi uku cif. Ta jera ranaku. Ta ce kwamiti bai kira mai kula da ɗakin gwaji ba, alhali ta roƙa a kira shi. Ta ce ga sabuwar shaida ta haɗa. A kan fom ɗin da kwaleji ta bayar akwai akwatuna uku na dalilin ɗaukaka ƙara: sabuwar shaida, ko kuskure a yadda aka yi zaman, ko hukuncin da ya fi laifi girma. Ta ce za ta sa alama a biyu na farko.

Tun a shafi na biyu Baba Direba yake girgiza ƙafa.

"Tsaya tukuna, Auta. Wa zai karanta wannan?"

"Kwamitin ɗaukaka ƙara, Baba."

"Su kuma su waye? Ba abokan waɗancan ba ne? Tare suke shan shayi, tare suke ajiye mota. Ke 'yar yarinya za ki aika musu takarda ki ce 'yan'uwansu sun yi hukunci da ka?"

"Ai fom ɗin ne ya ce a faɗi kuskuren."

"Fom! Ni ma an sha ce mini in faɗi ra'ayina kada in ji tsoro. Duk direban da ya faɗa, gobe da safe wani ne a kujerarsa."

Mama tana ninke wanki a gefe, ta ce, "Kai da takarda ai sai lasisin tuƙi. Bar ta ta yi abin da aka koya mata."

"Ke kuma da ofis sai dai ki hango shi ta tagar mota," in ji shi, ba da faɗa ba. "Ni na san mutanen nan. Na ji hirarsu a bayan mota shekara talatin. Babba ba ya son a kama shi da kuskure a rubuce. Sai ya sauko tukuna, ya ji an girmama shi, sannan a nuna masa gaskiya a hankali, har ya ɗauka shi ya gano ta da kansa."

Ya ce littafin ta riƙe shi a jaka, kada ta haɗa. Ranar zama, in ta ga fuska ta saki, sai ta fito da shi. Akwatunan nan kuma kada ta taɓa ko ɗaya, don kowanne zargi ne. Sannan ya gyara zama ya fara faɗa tana rubutawa. Wasiƙarsa rabin shafi ce. Ta buɗe da gaisuwa, ta ce ita yarinya ce mai rauni, ta san ta yi kuskure, tana neman afuwar iyayenta malamai, su dubi tsufan mahaifinta.

"Baba, wane kuskure na yi?"

"Ba ki ara wa ƙawarki littafi ba? Ai kuskure ne. Rubuta."

Ta daɗe da biro a hannu. Ta dubi Mama, Mama ta dubi wankinta. Auta ba ta taɓa ce wa mahaifinta a'a ba, kuma ba a kan ƙarya yake magana ba, abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Ta rubuta. Washegari shi da kansa ya raka ta ofishin kula da harkokin ɗalibai. Aka buga wa takardar hatimi, aka jefa ta a tire.

Ranar zama Baba ya sa rigarsa mafi kyau. Ɗakin yana hawa na biyu, da dogon tebur, da kwalaben ruwa huɗu, da fanka mai ƙara duk zagaye. A tsakiyar teburin an ajiye 'yar na'urar ɗaukar magana. Mutum uku ne a zaune: shugaba, dattijo mai furfura da taushin murya; wata malama mai tabarau; sai wakilin ɗalibai da ke ta wasa da murfin biro. Sakatariyar kwamiti ce ta tarbe su a ƙofa, ta nuna wa Baba kujera a jikin bango.

"Baba, nan ne wurin mai rakiya. Za ka ji komai, amma ba ka magana."

"To, 'yata, ba komai."

Ya gaida shugaba har ƙasa, shugaba ya amsa da fara'a, har ya tambaye shi gajiyar hawa bene. Baba ya ji sanyi a ransa. Irin wannan fuskar ya sani, ta masu sauƙin kai ce.

Shugaba ya ce, "Yarinya, bari in yi miki bayani don kada ki shiga duhu. Mu ba sake shari'a muke ba. Abin da kika shigar kawai muke dubawa, mu ga ko ya hau ɗaya daga cikin dalilai uku. Na duba fom ɗinki, ban ga alama a ko ɗaya ba. Mantuwa ce?"

"A'a, yallaɓai."

"To. Sakatariya, karanta mana wasiƙar."

Ta miƙe ta karanta. A falo kalmomin sun yi wa Baba daɗi a kunne. Yanzu da suke fitowa daga bakin baƙuwa, ba hawa ba sauka, sai ya ji kamar ba nasa ba. Da ta zo kan "na san na yi kuskure", malama mai tabarau ta ja layi a takardar gabanta. Baba ya ga hannunta sarai.

"A zaman farko kin musa," in ji malamar. "Yanzu kin amsa ke nan?"

"Ban kwafa ba, malama. Aron littafin da na ba ƙawata nake nufi."

"Ba ki rubuta haka ba."

Auta ta waiwayo. Baba ya gyaɗa mata kai, alamar lokaci ya yi. Ta zuge jaka ta fito da littafin, bangonsa duk ya kumbura, ta ɗora a tebur da hannu biyu.

"Yallaɓai, ga littafin. Kowane shafi da sa hannun mai kula da ɗakin gwaji."

Wakilin ɗalibai ya miƙa hannu. Shugaba ya ɗaga tafinsa.

"Kada a buɗe. Ba ya cikin abin da aka shigar, kuma wa'adin ya cika tun makon jiya."

Malamar ta cire tabarau ta dubi Auta da kyau. Muryarta ta sauka. "Saurare ni, ki yi tunani kafin ki amsa. Doka ta ba mu dama mu karɓi shaidar da ta zo hannun ɗalibi bayan ya shigar da ƙara. Yaushe littafin nan ya zo hannunki?"

Baba ya gane ƙofar da ake buɗe mata. Kalma ɗaya ce: in ta ce jiya, shi ke nan.

"Kwana biyar kafin in shigar," in ji Auta.

Malamar ta lumshe ido. "To me ya hana ki haɗa shi, 'yar nan?"

Auta ba ta waiwaya ba. Fanka ta yi ta ƙararta.

Baba bai san lokacin da ya miƙe ba. "Yallaɓai, ni ne. Wallahi ni ne na hana ta. Ta rubuta tata mai shafi uku, ni na sa ta..."

"Baba, don Allah zauna," in ji sakatariya, ta riga ta danna na'urar ta tsayar.

"Ku hukunta ni, ita ba ta da laifi. Ku buɗe shafi ɗaya kawai ku gani."

"Dattijo," in ji shugaba, kuma da gaske akwai tausayi a muryarsa, "na ji ka a matsayina na uba. Amma kwamiti bai ji ka ba. Sa hannunta ne a takardar, kuma ita ba ƙaramar yarinya ba ce. In na buɗe littafin nan yau, gobe wani ya zo da wanda ya kwana yana ƙirƙira, da wane baki zan hana shi?"

Baba ya koma ya zauna. Roƙo ya iya, kuma ya riga ya yi shi a rubuce.

Aka ce su jira a waje. Suka zauna a benci a baranda, ɗalibai na wucewa da fararen riguna suna dariya. Minti goma sha biyu aka yi, Baba ya duba agogo. Da aka kira su, shugaba ya karanta daga takarda: ba a gabatar da dalili ko ɗaya ba, mai ƙara ta amsa kuskure da hannunta, hukuncin farko ya tabbata, kuma babu wani mataki bayan wannan. Malamar ba ta ɗago ba.

Sakatariya ta biyo su har bakin matakala da takardar da za su kai ofishin tsaro. Ta rage murya.

"Baba, shekarata tara a kujerar nan. Wallahi da an liƙa littafin nan a bayan fom, da alama ɗaya a akwatin farko, ko zama ba za a yi ba. Sai dai a aiko mata ta koma aji." Ta yi nufin alheri ne. Ta dafa kafaɗar Auta ta koma ciki.

Suka sauka. Baba ya riƙe ƙarfen matakala, abin da bai yi ba lokacin hawa.

"Auta," ya ce, "ki ce wani abu mana."

"Me zan ce, Baba?"

"Ko zagina ki yi."

"Allah ya kiyaye."

Ya so ta ɗaga murya, ta ce ta faɗa masa. Ba ta yi ba. Ta rage sauri don ya cim mata, kamar kullum.

Ofishin tsaro ɗan ɗaki ne kusa da babbar ƙofa. Mai gadi ya karɓi takardar ya karanta, ya ce ta ba da katin shaida. Ta cire shi daga wuya da igiyarsa. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko almakashi, ya raba katin biyu ta tsakiyar hoton, ya jefa a kwali. Ya miƙo mata igiyar.

"Wannan taki ce. Sa hannu a nan. Daga yau in za ki shigo, sai da takardar baƙo."

Ta sa hannu. Baba ya ɗan rusuna ya ce, "To, mun gode, yallaɓai. Allah ya saka."

Sai da suka fita ƙofa suka tsaya a bakin titi jiran bas, sannan ta yi magana, idonta a kan motocin da ke wucewa.

"Baba, me suka yi mana da ka gode?"

Bas ta zo a cike, suka bar ta ta wuce.