Bashin Karatun Mariatu

Mariatu ta ture kofin shayi gefe, ta ƙara jawo kwamfutar 'yarta Nadia kusa. Tambaya guda ce a kan allon, da Turanci: shin kin biya kuɗin ruwa a kan bashin karatu a shekarar 2015? Ga e, ga a'a. Minti goma ke nan tana kallonsu, ita da take yi wa tsoho mai gardama allura kafin ya gama cewa ba ya so.

Ranar hutunta ce daga gidan kula da tsofaffi inda take aikin nas. Tun safe take zaune a teburin kicin, hawa na huɗu a unguwar Tremont ta New York, tana cike takardun harajin ita da mijinta da hannunta, karo na farko. Shekara goma sha shida Alhaji Sheriff ne yake yi musu, a ofishinsa inda ake yankar tikitin jirgi, ake kuma aika kaya Kumasi. Dala ɗari biyu da hamsin yake karɓa, kuma aikinsa ba laifi. Bakinsa ne matsalar. Abin da ya shiga ofishin nan da hantsi, kafin la'asar ya isa ƙofar masallaci.

Shi ya sa akwai takarda ɗaya da Alhaji bai taɓa gani ba. Kowane Janairu takan zo daga kamfanin da ke karɓar bashin karatu, an rubuta 1098-E a samanta, da jimillar kuɗin ruwan da aka biya a shekara. Mariatu ce ke riƙe makullin akwatin wasiƙa, don haka daga akwatin sai jakarta, daga jaka sai lokar ajiye kayanta a wurin aiki.

Tana da shekara arba'in da huɗu ta shiga makarantar koyon jinya, bayan ta gaji da goge gidajen mutane. Zangon farko adashi ne ya biya, wanda matan Zangon Kumasi ke kira susu. Sai mata biyu suka kwashe suka ɓace, adashin ya watse. Ta je ofishin makaranta ta ci bashin gwamnati, dala dubu goma sha tara, ta dawo gida ta ce wa mijinta Kassim susu na nan daram. Kassim mutum ne da ko katin bashi ba ya riƙewa, talabijin ɗinsu ma sai da ya tara kuɗin wata bakwai ya saya. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, yakan nuna ta da alfahari ya ce matarsa ta zama nas babu kwabon riba a ciki. Ita kuwa sai ta yi murmushi.

Ko wata ɗaya ba ta taɓa fashin biya ba. Takan ɗauki aikin Lahadi da kowa ke gudu, abin da ta samu ta ɗora a kan bashin. Mace ce da ba ta iya kuka da gajiya ba, sai dai ka ga ta cire takalmi a cikin bas.

Akua, abokiyar aikinta, ita ta ga takardun a loka.

"Ei, Mariatu, kina zubar da kuɗi fa," ta ce da Hausarta ta kasuwar Kumasi. "Wannan interest ɗin ana cire shi daga income kafin a yi lissafin tax. Ki yi filing da kanki, free ne, ba sai Alhajinku ya gani ba."

Alhaji ba zai gani ba, gaskiya ne. Amma harajin na mata da miji ne a haɗe, kuma Kassim ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Aikin gadi yake yi a wani dogon gini a Manhattan, ko mai kawo fiza sai ya rubuta sunansa cikakke kafin ya wuce.

Ta gwada danna e, ta shigar da dala 742, kuɗin ruwan da ke kan takardar bana. Kuɗin da za a dawo musu da shi ya ƙaru da dala ɗari da goma sha ɗaya. Ta goge, ya koma yadda yake. Ashe farashin asirinta ke nan, bai kai kuɗin cefanen mako ba. Tana iya barinsa ba wanda zai sani. Sai dai ta gaji, gajiyar da ta fi ta tsayuwar awa goma sha biyu. Ta sake shigar da lambar, ta tashi ta ɗora shinkafa da wake.

Kassim ya shigo bayan la'asar. Ya ci abinci, ya wanke hannu, ya sa tabarau.

"To, akanta, mu ga aikinki."

Ya bi allon da yatsa, layi bayan layi, leɓensa na motsi. Albashinsa daidai, nata daidai. A layi na talatin da uku yatsan ya tsaya.

"Maman Nadia, nan akwai mistake. Student loan interest, ruwan bashin karatu. Nadia ai scholarship gare ta."

"Ba kuskure ba ne, Maigida. Nawa ne."

Ta ajiye takardun bashin na shekara huɗu a gabansa, ta faɗa masa komai a tsaye, hannunta riƙe da bayan kujera: matan da suka gudu, ofishin makaranta, aikin Lahadi. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi uzuri ba.

Kassim ya dubi takardun. Daga ƙasa ana jin ƙarar bas yana sauke mutane.

"A gaban liman na faɗa," ya ce a hankali. "Ba sau ɗaya ba."

"Na sani. Ina wurin."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Da na gaya maka, da ka ce in bari sai mun tara. Ni kuma na san in na bari, na bari ke nan."

Bai musa ba, don ya san abin da zai ce ke nan. Ya ɗauki takardun ya jera su bisa shekara, ya duba yadda lambar take raguwa: dubu ɗaya da ɗari biyu, dubu ɗaya da 'yan kai, ɗari tara, ɗari bakwai. Ya cire tabarau ya dube ta, da ɓacin rai a fuskarsa, da kuma wani abu mai kama da girmamawa.

"Ke kaɗai kika yi wannan?"

"Ni kaɗai."

"Saura nawa?"

"Dubu takwas da ɗari shida."

Ya jawo wayarsa. Mariatu ta ga sunan da ya danna.

"Salamu alaikum, Alhaji Sheriff. Kassim ne. Jerin masu zuwa Hajji na bana, ka cire sunana. A'a, lafiya lau. Deposit ɗin zan zo in karɓa Litinin." Ya saurara, ana jin muryar Alhaji tana ta tono. "Hidimar gida ce, Alhaji. Sai na zo."

Ya kashe wayar. Shekara shida yana tara kuɗin kujerar nan, dala ashirin, dala hamsin, har ya sayi jakar tafiya.

"Maigida, ban gaya maka don ka yi haka ba. Shekara biyu suka rage mini, zan iya."

"Na ga kin iya. Amma ba zan tsaya a Arfa ba alhali kuɗin ruwa na hawa kan matata a New York." Ya mayar da tabarau, ya ja kujera kusa da allon. "Saura layi nawa? Zauna, ƙafarki ta kumbura."

Ta zauna. Ya sa yatsa a layi na talatin da huɗu, ya ci gaba da karatu.