Ragar da ke Ƙarƙashin Lambu

Ta ɗora tafin hannu a jikin bangon, ta tabbatar da abin da idonta ya gani: tsakiyarsa ta turo waje. Bulo biyu sun buɗe baki, jiƙaƙƙiyar ƙasa na zubowa ta tsakaninsu. Injiniya ce, ta daɗe tana gina irin wannan bango mai tare ƙasa a gangare, amma wannan da ta gina daban yake. Gidan mahaifinta ne a samansa. A ƙarƙashinsa kuma gidan wata tela ne da 'ya'yanta, igiyar shanyarsu ma a jikinsa aka ɗaura ta.

Daga wurin aiki ta biyo, ga hadari ya fara haɗowa. Ta hau matakala tana saƙe-saƙe. Irin wannan bango ba bulo ne ƙarfinsa ba. Ragar roba ake shimfiɗawa, a zuba ƙasa a daddanne, a sake shimfiɗa wata, hawa-hawa har sama, ita ke riƙe da tudun. Kuma a gaban idonta aka sa kowace.

Ta tarar da Baba a bayan gida, cikin lambun da ya tsira tun da ya yi ritaya, mutumin da a da ko barkono bai taɓa shukawa ba. Ramuka ne jere a bakin bangon, masu zurfin gaske, da 'yan itatuwan lemo a ciki. Tiyo na kwance yana ta zubar da ruwa abinsa.

"Auta, yau an tuna da mu?"

"Baba, da kuna haƙa ramukan nan, ba ku ci karo da komai ba?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Dama ban so ki sani ba. Zo ki gani."

Ya buɗe ɗakin ajiya. Ga baƙar raga nan tuli guda, a yayyanke, an naɗe ta tsaf.

"Leburorin nan naki sun ha'ince ki. Shara suka binne miki, duk inda na sa shebur sai roba. Na ce in wani ya gani, sai a ce 'yata ta yi aikin algus. Da wuƙa na bi ta kaɗan-kaɗan, har yau bayana bai daina ciwo ba. Ko yayanki ban gaya wa ba."

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran yabo. Haushi ya taso mata, sai ta ga hannayensa, duk sun yi kanta. Tausayi ya kama ta, gajiya kuma ta danne duka biyun. Ta je ta kashe famfo.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ku ɗauko maganinku da kayan sawa, yau a wurina za ku kwana."

"Lafiya dai?"

"Jikokinku ne suka ishe ni da tambaya."

Ta gangara gidan ƙasa. Telar na kan keke, allura a baki.

"Yaya, ku tattara yara da abin da za ku iya ɗauka. In aka yi ruwan nan, ban yarda da bangon ba."

Telar ta cire allurar a hankali. "Ba ke kika ce min har jikokina za su tarar da shi ba?"

"Ni ce."

Maƙwabta sun fara leƙowa. A sana'arta ta injiniya suna shi ne komai, kuma ta san kafin gobe labarin zai riga ta isa ofis.

"To me ya same shi?" in ji wani dattijo mai kanti.

Ta ɗaga kai. Baba na tsaye a bakin shinge da ledar magani a hannu, ya karkato kunne yana son jin abin da ake cewa game da 'yarsa.

"Kuskurena ne," ta ce, ƙasa-ƙasa. "Ku yi sauri, zan kira mota."