Robar Wuyan Malam Dikko

Sau uku ma'aikaciyar jinya tana jan sirinji daga robar da ke wuyan Malam Dikko, ko ɗigon jini bai fito ba. Ta kashe injin wankin ƙoda, ta kira likita.

Sauda, matar Malam, tana tsaye riƙe da hularsa. Da sassafe suka baro Kebbe, suka canza mota a Tambuwal zuwa Sakkwato, ƙafafunsa a kumbure har takalmi ya ƙi shiga.

"Jini ya daskare a ciki," in ji likitan, ko kallonta bai yi ba. "Ba na rubuta asfirin ba? Ku mutanen ƙauye, ƙwaya ɗaya a rana ma ta gagare ku."

"Likita, ko rana guda ban tsallake ba."

Ta kwance bakin mayafinta, ta miƙa masa ƙullin. Ya juya ƙwayar a tafinsa, ya ja tsaki. Farasitamol ce.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Mai kemis na bakin tashar Tambuwal. Ya ce wanda kunka rubuta ya ƙare, amma duka maganin ciwon kai na."

"Asfirin na tsinka jini ne, don kada robar ta toshe! Yanzu sai an cire an sa wata, kuma ba yau ba."

Sati uku Sauda tana tallafe kan mijinta kowace safiya, tana lallashinsa ya haɗiye, ashe aikin banza take yi.

"To wa ya gaya min?" Muryarta ta cika ɗakin. "Kun yi rubutun da ko Malam, da ya karantar da rabin Kebbe, bai iya karanta shi. Kunka ce in ba shi, na ba shi. Da kun buɗa baki kun ce na jini na, wane ɗan kemis ka ruɗa ni? Bakinku ciwo shikai?"

"Sauda," in ji Malam da ƙyar, "ya isa."

"Bai isa ba, Malam."

Likitan ya ɗauki biro. Ya sake rubuta takardar, wannan karon yana faɗin aikin kowace ƙwaya, idonsa na kan biro.

A bencin waje Sauda ta zauna kusa da wata tsohuwa daga Jabo, wadda ta kawo ƙanenta da filasta a wuya.

"Goggo, ina kike sayen magani nai?"

"Tambuwal, ɗiyata. Bakin tasha."

Sauda ta miƙa hannu ga ƙullin maganin da ke bakin mayafin tsohuwar. "Kwance in gani."