Sunan da Habsa Ba Ta Faɗi

Tun da damina ta ɗauke, Habsa ba ta ƙara zama wuri ɗaya har ta ɗumama shi ba. In ta ɗora tukunya sai ta fita ƙofar gida. In ta isa ƙofar gida sai ta tuna da akuya. In ta je wurin akuya sai ta tsaya tana kallon hanyar da ta gangaro daga Tabotaki, kamar an ce mata wani na tafe. Ba mai tahowa sai masu jakuna da buhunan albasa. Mijinta Hamisu ya gaji da cewa ta zauna, ya koma roƙon ta bi a hankali kada ta ture masa buta.

Abin da ke cin ta kowa a ƙauyen ya sani. Ɗanta na fari, Mukhtar, ya tafi Libiya biɗa kamar yadda samarin Adar ke tafiya in an gama yankan gero, kuma damina biyu ke nan ba a ji muryarsa ba. Ba mutuwa ya yi ba. Wani ɗan Babankatami da ya dawo ya rantse ya gan shi a Sabha yana ɗaukar bulo, ya rame, da ya hango ɗan gida sai ya juya baya ya shige lungu. Wanda ya fita nema bai samo ba, kunya ke hana shi kiran gida, wannan tsohon ciwo ne a tsakanin duwatsun nan. Hamisu ya sa an yi cigiya a rediyo, aka karanta ta tsakanin cigiyar raƙumi da sanarwar rasuwa. Shiru kake ji.

Ita kuwa Habsa ko tambayar labarinsa ba ta iya yi da baki buɗe, don ɗan fari ne. A gidan da ta tashi, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko zazzaɓi ya kayar da shi. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, daga nan ya zama "ɗan tsohuwa" a bakin Habsa, har tsohuwar ta rasu, har ya yi gemu. Sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba ko sau ɗaya, kuma an sha yabon kunyarta a wurin biki. Son da take masa kuwa ya fi na sauran 'ya'yan duka, sai dai Allah kaɗai ta bari ya sani.

Da zama ya gagare ta sai ta kama rediyo. Ta ɗaura masa tsumma ta rataya a wuya, tana daka da shi, tana ɗiban ruwa da shi. Akwai wani shiri da ake yi ran Lahadi bayan la'asar a wani ƙaramin gidan rediyo a Buza, sunansa "Wa Ya Sani?" Mai gabatarwa, Ɗanladi, mutum ne mai baki kamar an jiƙa shi da mai. Yakan jero wa mai kira tambayoyi daga ko'ina, sama da ƙasa, tarihi da kokowa, yana ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin shayi don auna lokaci. Wanda ya amsa duka, kyautarsa ita ce a bar masa layi ya gai da wanda yake so da bakinsa. Kuma kowa ya san ana naɗar shirin ana tura shi ta waya, har 'yan Adar da ke Abijan da Tamanrasat da Sabha suna sauraro suna musu a kan amsoshi.

Wannan kyautar ce ta shiga ran Habsa. Ta fara haɗiye duk abin da rediyo ya furta, kowace tasha, kowane shiri. Matsalar ita ce abin da ta haɗiye ba ya zama a ciki. A bakin rijiya za ta tare mace da guga a hannu ta ce mata ƙashin wuyan raƙumin dawa bakwai ne, daidai da na mutum. A gidan suna ta shaida wa mai jego cewa hasken rana sai ya yi wajen minti takwas a hanya kafin ya iso mana, wato ranar da muke gani ma tsohon labari ce. Ta gaya wa Hamisu, yana tsakiyar alwala, cewa a teku akwai wata halitta mai hannu takwas da zuciya uku. Ya ce Allah ya ba ta haƙuri, shi guda ɗaya ma ta ishe shi.

Cima, ƙanwar Hamisu, ita ce kaɗai ba ta raga mata. Ta same ta tana sussukar dawa tana maimaita sunayen ƙasashen da kogin Kwara ya ratsa.

"Ke Habsa, mi yah haɗa ki da Gine? Can za ki kai dawar?"

"Can kogin yat taso. In anka tambaye ni hwa?"

"To in kinka ci, mi za ki ce? Wa za ki gaisuwa?"

Habsa ta ci gaba da sussuka. "In ce ɗan tsohuwa, na gidan bakin rijiya, shi kira gida."

Cima ta yi dariya har ta dafa turmi. "Libiya dut ɗiyan tsohi na! Kowa da tsohuwa tai, kowa da rijiya tai. Ko sunan uban ba ki iya hwaɗi, bale nashi." Sai dariyar ta tsaya. Ta gyara zani ta rage murya. "Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba. Ran da za shi tahi, ya zo yi min bankwana. Shina dariya yac ce, Gwaggo, wai Inna ta ma san sunana kuwa? Na ce mai shi bar shashanci. Amma dariyar tashi ba ta kai ido ba."

Habsa ta ajiye taɓarya ta nufi wurin akuya, alhali akuyar ta riga ta ci ta sha. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don ba ta taɓa zaton yaron bai gane ba.

Ƙauyen a cikin kwari yake, waya ba ta kamawa sai an hau tudun duwatsu da ke bayan gonaki, wanda yara suka raɗa wa suna tudun rezo, wato tudun samun layin waya. Lahadi bayan Lahadi Habsa na hawa da ƙaramar salular da Mukhtar ya bar mata kafin ya tafi, rediyo na lilo a ƙirjinta. Ta danna, layi a cike. Ta sake dannawa, wani mai shayi daga Keita ya riga ta, ya kuma faɗi a tambayar da ko akuyarta ta sani. Ta sauko tana faɗa ita kaɗai. Har tsakuwar hanyar ta cinye mata takalmi.

Ran da layin ya shiga, saura kaɗan ta yar da wayar.

"Alo! Da wa muke magana?" in ji Ɗanladi.

"Habsa ta, daga yankin Tabotaki."

"Madalla, Inna! Rage rediyonki, shina kuka. Kin shirya?"

"Tun bara."

Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa kofi. Ya tambaye ta abin da ke cikin tozon raƙumi. Ta ce kitse ne, masu cewa ruwa ba su taɓa fiɗa ba. Ya tambaye ta dutsen da ya fi tsawo a Afirka, ta ce Kilimanjaro, a Tanzaniya. Ya ce a wane gari aka fara gasar kokowa ta ƙasa da ake ba zakara takobi, ta ce Tawa, ai wannan ko barci take ta sani. Ya ce me ya kayar da itacen nan guda ɗaya tilo da ke tsakiyar Tenere. Ta ce mota ce ta banke shi, duk faɗin hamada direba bai ga wurin bi ba sai kansa. Ɗanladi ya yi ta buga tebur yana cewa yau an gamu da gwana. Habsa dai ba ta tsaya ba, tana amsawa tana kai da kawo a kan dutsen, tana tsoron kada rezo ya gudu.

"To Inna, saura guda. Wagga ta 'yan'uwanmu da ke Libiya ta, don na san suna saurare. Wane tsoho na yay yaƙi sojan Italiya a ƙasar Libiya shekara da shekaru, har sunka kama shi? Suna nai muke so."

Ƙafafun Habsa suka tsaya cak.

Ta san shi. Ta fi kowa saninsa. Mahaifin Hamisu yana cikin na farkon da suka je Libiya daga ƙauyen, can ya jiyo labarin tsohon, ya dawo da shi a baki, kuma ran sunan jikansa na fari shi ya ce a sa wa yaron wannan suna. Tana amarya a lokacin, tana bayan ɗaki tana jin ana raɗawa, ta rufe fuska.

Cokali ya fara taɓa kofi.

"Malamin allo na," in ji ta da sauri. "Mai hwarin gemu, shina sa tabarau. Bisa doki shika yaƙi, cikin duwatsu."

"Haka na, Inna. Suna."

"Wajen shekara ashirin suna biɗa tai. A alif ɗari tara da talatin da ɗaya sunka rataye shi, gaban jama'a."

"Inna, kin hi ni sani! Amma suna, suna!"

"Mai sunan... mai sunan ɗan tsohuwa na."

"Wace tsohuwa kuma? Lokaci na tahiya!"

Ta duba dama, ta duba hagu. Ba kowa a kan tudun sai ƙaya da wata tunkiya. Amma ta san a ƙasa kowane gida rediyo na kunne, surukai da ƙannen miji da matan da suka sha yabon kunyarta duk sun kasa kunne. Ta buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, kamar lomar tuwon da ba miya. Cokalin na ƙara sauri. Ta tuna yaron yana dariya a gaban Cima yana tambaya ko uwarsa ta san sunansa.

Kofin ya yi ƙara ta ƙarshe. A daidai nan ta ce, "Mukhtar."

Ba da muryar amsa ta faɗe shi ba. Da muryar da ake kiran yaro ya shigo gida in hadari ya taso ta faɗe shi, kuma da ya fita sai ta kasa tsayar da shi.

"Mukhtar! Mukhtar, ni ta. Na san sunanka, tun ran da anka raɗa shi ni san shi. Ko ba ka da komi ka kira. Ba mu biɗar komi, Mukhtar, kai mu ka biɗa."

Ɗanladi ya ajiye cokalinsa. Can ya yi gyaran murya ya ce a hankali, "Umar Mukhtar a cikakken sunan, Inna, kuma lokaci ya riga ya..." Sai layin ya yanke. Ko rezo ne, ko kuɗin wayar, ba ta sani ba.

Ta faɗi ke nan, a tambayar da ta fi sani. Ta sauko da rediyo a kashe, kunya kamar ta nutse. Matan da ke bakin rijiya suka duƙufa kan gugansu, ba wadda ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ta ja tsaki da ƙarfi don a ji. Cima na ƙofar gida tana share ido da gefen mayafi, ba ta yi tsokana ba. Hamisu kuwa ya janye butarsa daga hanya tun kafin ta iso.

Washegari ta sake hawa tudun, ba don shiri ba, don waya ba ta ƙara a kwari. Ta hau jibi, ta hau gata. Ta daina tare mutane da labarin teku da taurari, har matan rijiya suka fara kewar abin. Takan tsaya can sama da salula a tafin hannu, ta zaga dutsen, ta dawo, ta sake zagawa, har rana ta yi ja.

Ran wata Alhamis, tana shirin sauka, wayar ta yi ƙara. Lambar doguwa ce, ba ta gida ba. Ta danna, ta kai kunne. Ba a yi magana ba. Sai ƙarar injin kwaɓa siminti daga nesa, da numfashin mutum.

"Alo?" in ji ta.

"Inna." Muryar ta dushe, amma ko cikin kasuwar Buza ta ji ta za ta gane. "Wani yat turo min shirin. Na saurara har batir ya mutu." Can ya ce, "Inna, sake hwaɗi."

Wannan karon ba ta duba dama ko hagu ba. Ta faɗa. Ya ce ta ƙara, ta ƙara. Sai ta lalubi dutsen da ke bayanta ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta ce ya fara gaya mata ko yana cin abinci.