Ƙofar da Ta Kalli Majalisa

Wata bakwai ke nan da buɗe ƙaramin asibitin Tudun Ƙirya, amma matan da suka zo awon ciki ba su cika goma ba. Abin haushi, gini ne mai kyau. Mutanen gari suka ba da fili da yashi, ƙaramar hukuma ta gina ta turo ma'aikaciya, wata ƙungiya kuma ta kawo magunguna da wutar sola. Ran buɗewa har sa aka yanka. Ga shi yanzu Malama Mubina, ma'aikaciyar, tana wuni tana korar ƙuda daga kan teburi.

Duk garin mutum ɗaya ce abin ke ci wa rai fiye da Mubina, ita ce Gwaggo Kande ungozoma. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa, rabin mazan da ke taƙama da gemu a garin ita ta yanke masu cibi. Sai dai tun bara hannunta ya fara rawa, idon ma ya yi hazo. Haihuwar ƙarshe da ta karɓa, sau uku zare na kuɓuce mata kafin ta ɗaure cibiya. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma tsoro ya shige ta.

Ga kuma Jannat, jikarta, da cikin fari wata takwas. Ranar da Kande ta je duba ta a gidan aurenta, ta danna yatsa a ƙafar yarinyar, wurin ya loɓa ya ƙi tasowa.

"Kanki na ciwo?"

"Kaɗan-kaɗan, Gwaggo."

Kande ta sake duban ƙafar. Haka ƙafar Zinariya ta yi, ɗiyarta, uwar Jannat. Kumburi, ciwon kai, sai jijjiga ranar naƙuda. A bayan motar hatsi ta cika, ba su ma kai Dutsin-Ma ba, aka bar wa Kande jaririya a hannu.

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Jannat ta sunkuyar da kai. "Haba Gwaggo. Ta gaban Baba zan wuce? Da wannan cikin? Wallahi gara in mutu a ɗaki."

"Rufe mani baki, ja'ira! Wa ya ce maki mutuwa abin wasa ce?" Kande ta sassauta murya. "To, in kira maki Malama ta zo nan?"

"Ta shigo gidan surukaina da jakarta, kowa na kallo? Ai duk ɗaya ne."

Kande ta san gaskiya yarinyar ta faɗa. Baban da take nufi surukinta ne, Alhaji Labaran, uban mijinta Sabitu, kuma shugaban kwamitin asibitin. Shi ya ba da filin. Shi ne kuma ya dage lokacin gini cewa ƙofar ta kalli iccen bedi, wato dogon yaro, inda dattawa ke zama, wai don su sa ido kada ɓarayi su kwance solar. Niyya ce mai kyau, Allah ya sani. To amma daga hantsi har la'asar dattawa na nan jere kan benci, ƙofar asibiti na gabansu taku goma. Wace mai cikin fari ce, wadda ko uwarta ba ta iya faɗa wa tana da ciki, za ta keta gaban surukinta da kawunnanta ta shiga ɗakin da kowa ya san mi ake yi ciki? Duk macen garin ta san wannan. Ba wadda ta faɗa, don faɗar ma abin kunya ce.

Ita kuwa Mubina 'yar cikin garin Dutsin-Ma ce, inda mace ke hawa Keke Napep ta tafi awo ba wanda ya san ta. Ta bi gida-gida tana roƙo, kowa ta ce mata, "Za mu zo, in sha Allahu." Har ta fara zaton ita ce ba su so.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Zaharaddin, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, ya iso kan babur. Aka tara kwamiti ƙarƙashin bedin. Sunan Kande na cikin kwamitin, don an ce dole a sa mace, amma tunda aka kafa shi ba ta taɓa cewa komai ba sai amin. Ta shimfiɗa tabarmarta can gefe.

Zaharaddin bai yi kwana-kwana ba. "Iyayena, akwai ƙauyuka uku da ke roƙon ma'aikaciya, matansu na tafiyar awa biyu a ƙasa. Kuɗin jama'a ne ake kashewa a nan. In wata mai kamawa ya ƙare haka, dole mu ɗauke Malama da kayan aikin mu kai inda za a yi amfani da su. Ba son raina ba ne. Ku faɗa mani, mi ke faruwa?"

Sai dattawa suka shiga bayani. Wannan ya ce jahilci ne. Wancan ya ce matan yanzu taurin kai gare su. Alhaji Labaran ya gyara babbar riga ya ce shi da bakinsa ya sa liman ya yi sanarwa sau uku. Kande na jin su, ranta na tafasa. Ji mazan nan fa, suna zaune daram a kan matsalar suna neman ta!

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ɗan nan," ta ce da Zaharaddin, "tashi ka je ka tsaya bakin ƙofar can."

Zaharaddin ya dubi Alhaji, ya dubi tsohuwar, ya tashi ya je ya tsaya.

"Mi kake gani?"

"Ina ganin dattawa, Gwaggo."

"To su ma suna ganinka. Yanzu ka ɗauka kai yarinya ce 'yar shekara ashirin, ciki ya fito, wancan mai farar hula surukinka ne, na kusa da shi ƙanen ubanka. Za ka shiga?"

Mubina da ke tsaye jikin taga ta dafe ƙirji.

Wani dattijo ya ce, "Haba Kande, mu ina ruwanmu da masu shiga? Kallonsu muke?"

"Ba sai kun kalla ba, Malam, zamanku ya isa." Ta ɗaga hannuwanta sama, kowa ya ga yadda suke karkarwa. "Ku duba. Hannun da kuka dogara da shi ke nan, ya ƙare. Alhaji, akwai wadda ke cikin gidanka, ba zan kama suna ba. Ƙafarta irin ta Zinariya ce. Na binne ɗaya, wallahi ba zan iya binne ta biyu ba."

Alhaji Labaran bai ɗago ba. Shi ya nemo motar hatsin nan shekara ashirin da suka wuce, bai manta ba. Ya ce, "To mu tashi daga nan mana."

"Ku koma ina? Masallaci na nan, mai shayi na nan, hanyar kasuwa na nan. A fasa ƙofa ta baya, wajen hanyar rijiya. Mace ta fito da bokitinta, wa ya san inda ta nufa?"

Zaharaddin ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ginin hukuma ne, ba a fasa shi sai injiniya ya duba. Takarda kan ɗauki mako biyu."

"Ƙafar nan ba ta san takarda ba, ɗan nan."

Allah ya yi wa yaron nan albarka, bai yi musu ba. Ya koma gefe da wayarsa, aka ji yana ta "ranka ya daɗe, rai ne a ciki." Da ya dawo ya ce injiniya zai zo jibi, takarda ta biyo baya. Ƙyauren ƙarfe da siminti kuwa, akwai ɗan kuɗin gyara da hukuma ke turo wa asibitin, kwamiti ne ke da ikon sa hannu. Nan take aka sa.

Ranar Asabar injiniya ya zo, ya ƙwanƙwasa bangon baya, ya zana inda babu ginshiƙi da gawayi. Sabitu ya baro gonar rani a Zobe don ya yi aikin, amma ubansa ya karɓe gudumar daga hannunsa. Alhaji Labaran, da shekarunsa saba'in, ya tuɓe babbar riga ya rataye.

"Ni na sa ƙofar inda take," ya ce. "Ba ni nan."

Sara shida ya yi bulo na farko ya faɗa ciki, sannan ya miƙa wa matasa, yana haki. Ya tattara dattawa suka koma majalisa, ya sa aka juya benci ya ba asibitin baya. Kafin azahar mata sun kafa zana tun daga hanyar rijiya har bakin ramin.

Ba a ma kafa ƙyaure ba Kande ta iso da Jannat, kowacce da bokiti. Suka tsallake ɓaraguzai suka shiga. Mubina ta ɗaura mata abin awon jini a dantse, ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta canza.

"Gwaggo, jininta ya hau sosai. Zan yi mata allura yanzu, amma yau ɗin nan sai babban asibitin Dutsin-Ma."

Akwai yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta ɗaukar masu ciki, wadda tunda aka ƙulla ba a taɓa kiransu ba. Mubina ta kira. Mota ta zagayo ta baya ta tsaya jikin zana. Duk tsawon hanya Kande na riƙe da hannun yarinyar, tana kallon wuraren da ta taɓa wucewa da Zinariya. Da suka wuce gadar da numfashin ɗiyarta ya tsaya, ta matse hannun har Jannat ta ce, "Wayyo Gwaggo, za ki karya ni."

Kwana tara suka yi. A na goma Kande ta sauka daga motar kasuwa ita kaɗai, da la'asar, za ta ɗauko kayan wanka. Ta hango mata huɗu zaune jikin zana da bokitansu, suna jiran layi. Ta zagayo ta gaban majalisa. Alhaji Labaran na zaune, carbi a hannu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Labari ya riga ya zo ta waya, amma so yake ya ji daga bakinta, kuma kunya ta hana shi tambaya.

"Gwaggo, ya hanya?"

"Hanya lafiya lau, Alhaji. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, da wani zancen ake. Jibi za a sallamo su, ita da ɗiyarta."

Alhaji ya ja hannun riga ya goge fuska, wai zufa. Ya yi gyaran murya.

"Na yi magana da Sabitu. Sunan Zinariya za a sa mata."

Shekara saba'in da wani abu Kande ba ta taɓa zama a majalisar maza ba, sai ga ta zaune a ƙarshen benci, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Dattawa suka matsa suka ba ta wuri.