Furen Varya

Shekara ashirin da biyu Zoya ta yi a ɗakin adana tsirrai na Petropavlovsk, tana busar da ganye tana manna shi a takarda, a ƙarƙashin Innokenti Fomich. Tsiron da dattijon ya ƙarar da rayuwarsa a kai wani irin kauci ne na ƙasa. Ba shi da ganye, sai dai ya ɓullo jajur kamar ƙonanniyar masara, yana tsotson saiwar itacen olha. In an yi baƙi sai ya nuna Zoya da haɓa ya ce, "Ga wani kaucin mai ƙafafu nan. Zoyka, gaya musu saiwar wa kike tsotsa." A yi dariya, ita kuwa ta tashi ta ɗora shayi.

Wata shekara da ƙanƙara ta narke ya dawo daga gindin dutse da kaucin guda uku masu ruwan ɗorawa. Ya ce sabon jinsi ne, zai raɗa masa sunan Varya, 'yarsa da kogi ya ci tana budurwa.

Zoya ta tsaga furen, ta duba a madubin ƙara girma. Nan take ta gane tsohon jinsin ne, launi kawai ya koɗe. Har akwai irinsa a ƙasan wani akwati, wanda aka tsinko shekara sittin da suka wuce aka rubuta hakan a jikin takardar. Ta mayar da akwatin ta rufe.

Ita ta zana masa hoton, ita ta buga takardun. Sunan ya fito a mujalla. Dattijo ya sa aka sassaƙa furen a dutsen kabarin Varya.

Ran da ya cika saba'in aka shirya walima da rana, ga kyafaffen kifi ga baƙin burodi, har da masana biyu daga Vladivostok. Yana tsaye yana maganar 'yarsa, Zoya ta ajiye tsohuwar takardar cikin akwatin nan gaban babban baƙon. Mutumin ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ta yi ta zagaya tebur har ta iso hannun mai walima.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaye ta a hankali.

"Tun ranar farko, Innokenti Fomich. Zauna mana, kifinka na jira."

Bai sake zuwa aiki ba. Zoya aka ba kujerarsa, da hannunta ta soke sunan Varya daga takardun uku.

Da kaka matarsa, Agafya Lukinichna, ta zo kwashe littattafansa. Ta ce, "Kullum yana maƙabarta da guduma. Ya kasa farfasa furen dutsen, ya kasa barinsa. Me zan ce masa, Zoya?"

Zoya ta laluba zuciyarta ko za ta sami tausayi, ba ta samu ba. Ta taya matar ɗaure littattafan, ta raka ta bakin ƙofa, ta nuna mata inda ake jiran mota.