Lallen Zinariya

Rijiyar gidan Hajo a Kabara ruwan zartsi ce, ko wanki da ƙyar take yi, balle ta raya shuka. Shi ya sa duk damina tsohuwar ke jera randuna uku a ƙarƙashin indararo, in sun cika ta rufe da faifai ta liƙe da laka. Ba don sha ba. Don bishiyar lallen nan ce ta bayan ɗaki, wadda 'yarta Zinariya ta dasa shekara guda kafin ta rasu a wajen haihuwa. Ƙwarya ɗaya kullum, haka take lallaɓa ta har rani ya wuce.

Bana randa ta uku ta ƙare tun kafin bazara ta yi nisa. Ganye ya fara zuba, Hajo kuwa ta rame tare da shi.

Ran da hadari ya haɗo da hantsi, ta gyara zaman randunan tana ta hamdala. Kowa ya san ruwan farko yakan sa rai ne ya ɗauke, sai a yi sati uku ba a ga ɗigo ba. Ta bari kan soron ya wanku, sannan ta tara. Sai ga ruwa jawur, yana kumfa. Kaico! Ta manta shaf cewa makon jiya ƙanenta Isyaku magini ya shafe soron da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa. Wannan ruwa in ya taɓa saiwa, an gama.

Can ta bayan katanga kuwa indararon maƙwabciyarta Asibi na kwarara fari tas a cikin lungu. A da, a tsakar gidan Hajo yake zuba. Ita da bakinta ta kai ƙara wajen mai unguwa bara, wai yana cin gindin katangarta, aka sa Asibi ta juya shi. Tun ranar ko gaisuwa ba sa yi.

Hajo ta tsaya jim. Kunya ta kama ta ƙwarai, amma ta ɗauki tulu ta fita, ta durƙusa a lungun, ruwa na dukan bayanta.

Ƙofa ta buɗe. Asibi ta leƙo, ta dube ta sama da ƙasa.

"Yaya Hajo, yau kuma ruwan namu ne ya yi daɗi?"

Hajo ba ta ɗago ba. "Lallen ne zai mutu."

Asibi ta juya. Ta koma ciki, ta fito da nata tulun, ta ture na Hajo da ya cika gefe, ta kafa nata.

"Kai wannan ki dawo," in ji ta. "Ai ni na ƙunsa wa yarinyar nan lalle ranar bikinta."